Inda Nauyin Ya Zauna

Talata, 3 ga wata

Zuwa ga Injiniyan gidanmu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana shiga. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, jiya har bakin titi ta taka da kanta ta dawo, tana yi min faɗa wai na cika bin ta a baya kamar za ta ɓata. Tana gaishe ka, ta ce ɗanta kada ya zauna da yunwa saboda boko.

Na san za ka yi dariya ka ce 'yar littafi ta samu abin da take so. E, na samu. Da aka ce makarantar taku tana karɓe wayoyi sai an yi hutu, ni dai ban yi wani baƙin ciki ba. Duk littafin da na karanta, matar da ake rubuto wa wasiƙa ita ce ake so da gaske. Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce duk Laraba yake tafiya, ya dawo Asabar. Ka ga ke nan ba ka da uzuri.

To ga labarin da ba shi da daɗi. Keken ɗinkina ya yi haɗari. Ranar Lahadi na ce bari in matsar da shi kusa da taga, don hasken can ya fi. Na kama gefe, Mama ta kama gefe, ƙafarsa ta harɗe da tabarma, sai ji muka yi rim! Kan keken bai yi komai ba, ko allura ba ta karye ba. Amma babbar tayar nan ta ƙasa, wadda feda take juyawa, ta dare gida uku. Na zauna daɓas ina kallonta. Mama ta ce, “To ki yi kukan mana, ki huta.” Ban yi ba. Sai da ta fita.

Na zuba gutsattsarin a buhu na kai wa Kawu mai walda. Ya juya su, ya ƙwanƙwasa, ya ce ƙarfen zubi ne, ba ya riƙe walda, ko ya liƙa mako guda za ta sake rabuwa. Ya zaga wajen masu tsofaffin ƙarafa bai samu irinta ba, wai keken ya girme shi. Ya ce zai iya ƙera wata, amma a fara tambayar ɗan boko, kada ya yi aikin jahilci a zo ana yi masa turanci. Ka san bakin Kawu.

Ga shi na karɓi rigunan aiki na ma'aikatan gidan burodi, guda goma sha biyu, yadin kaki mai kauri. Ka faɗa mana yadda za a yi. Ai ba a banza masana'antarku ta tsallake mutum arba'in ta zaɓe ka ta tura karatu ba.

Taka,
Tela

Juma'a, 6 ga wata

Ranki ya daɗe Tela,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso lafiya, har da ƙamshin turarenki, abin da ya sa abokan ɗakina suka hana ni sakat. Ina lafiya. Ki ce wa Mama ina ci har ina ƙari, wuyana ma ya fara kauri. Na ji daɗin labarin ƙafarta.

Maganar keke, ki share hawayenki, wannan ƙaramin aiki ne. Shekara bakwai na yi ina kwance injuna ina ɗaurawa kafin a turo ni nan, tayar keken ɗinki ba za ta gagare ni daga nesa ba. Amfanin tayar nan ɗaya ne: nauyinta. Idan kin taka feda ta ɗauki gudu, nauyin ne yake tura keken gaba kafin ki sake takawa. Saboda haka abu biyu kawai Kawu zai kiyaye. Ya ɗora gutsattsarin duka a sikeli ya ga nauyinsu. Ya jera su a ƙasa ya auna faɗin tayar. Sannan ya yanko faifan ƙarfe mai wannan faɗi da wannan nauyi, ya huda tsakiya, ya yi masa hanyar bel. Kada ya wahalar da kansa da hannayen nan huɗu da sauran kwalliyar da ke jikin tsohuwar, ado ne kawai na mutanen da. Ƙarfe ƙarfe ne, kilo kilo ne.

Ki gaya masa ɗan boko ne ya faɗa.

Mako mai zuwa ma za mu shiga babin juyi, wato lissafin abubuwan da ke juyawa. Malaminsa wani dogo ne da muke kira Malam Ba-Dariya. Yaran ajin duk sun tsorata, ni kuwa na ce musu wanda ya taɓa injin da hannunsa ba ya tsoron hotonsa a allo.

Ki rage karanta littattafan nan kina kuka a kan mutanen da babu su.

Naki,
Injiniya

Talata, 17 ga wata

Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa Mama, ita ma ta tafi. Ina fatan wuyan yana nan yana ƙara kauri.

An yi yadda ka ce. Sikeli ya nuna kilo huɗu cif. Kawu ya samo faifan ƙarfe, ya yanke shi daidai faɗin tsohuwar, ya yi ta goga yana aunawa har ya tsaya a kilo huɗu. Ya shafa masa baƙin fenti, ya zo da kansa ya ɗaura. Wallahi ya yi kyau, sumul kamar faranti. Da na ɗora ƙafa, taɓawa ɗaya keken ya tashi. Tsohuwar sai na tura ta da hannu take yarda ta motsa, wannan kuwa kamar jira take. Na ɗinke gefen wani ɗan gyale cikin minti biyu. Mama ta ce, “Kin ga amfanin karatu.” Kawu ya ce, “Hmm.”

Sai na ɗauko kaki.

Maigida, keken nan ya zama wani iri. Yadda yake saurin tashi, haka yake saurin mutuwa. A miƙaƙƙen ɗinki yana tafiya, amma yana fizga, ƙafata ba ta hutawa ko kaɗan. Da, ina takawa in ɗan saki, ya ci gaba da kansa kamar yana cewa huta, na riƙe miki. Yanzu ina saki yake saki. Idan kuwa allura ta iso inda yadi ya ninku huɗu, wajen aljihu ko wuya, sai ya tsaya cak, wani lokaci ma ya koma da baya ya tsinke zare. Jiya sau tara na zura zare a riga ɗaya. Allura biyu ta karye. Riga uku na gama, su ma da hannu nake juya ƙaramar tayar sama idan na zo wurin kauri, kafaɗata kamar ba tawa ba.

Na sa mai. Na ɗaure bel. Na sassauta bel. Na sake sa Kawu ya kwance ya auna, kilo huɗu ne ba ƙari ba ragi. To in kilo kilo ne, ina ƙarfin ya tafi? Ba gardama nake ba, tambaya ce ta ɗaliba.

Na gama littafin da nake karantawa. Sun yi aure a ƙarshe, ban yi kuka ba sai kaɗan.

Taka,
Tela

Talata, 7 ga sabon wata

Maigida,

Sallama. Muna lafiya. Kai ne ba mu sani ba.

Asabar uku ke nan ina tsayawa a bakin titi, direba yana ɗaga min hannu wayam. Ya ce ya gan ka da idonsa kana tafiya da ƙafarka, don haka na cire ciwo daga lissafi. Saura abubuwan da na sani daga littafi: ko ka faɗi ka manta da kowa, ko wata mai gilashi a ajinku tana ara maka biro. Na faɗa wa Mama, ta ce in ta sake ganina da littafi sai ta hura wuta da shi.

In tambayata ce ta ɓata maka rai, na janye ta. Keken yana nan yadda yake, masu gidan burodi sun ƙara min kwanaki. Kawu ya daina biyowa ta layinmu, kunya yake ji, wai aikinsa ne ya ƙi. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Tela

Juma'a, 10 ga wata

Tela,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, kuma babu mai gilashi. Ki yafe min shirun. Kunya ce ta riƙe min hannu.

Na faɗi jarrabawar babin juyi. Ba faɗuwar kusa da ci ba, ta ƙasa sosai. Dokar makarantar ita ce ana sakewa sau ɗaya. Tawa ranar Juma'a ce, 24 ga wata. In na sake faɗuwa, za su rubuta wa masana'anta, a mayar da ni bakin aikina na da, a turo wani a gurbina. Shekara ta biyu kuma sai dai in ji labarinta.

Zan gaya miki gaskiya, ranar da wasiƙarki ta zo ina sauri, na karanta har inda kika ce taɓawa ɗaya keken ya tashi, na ninke na sa a aljihu ina murmushi. Har na ba abokan ɗakina labari, wai na gyara inji ta wasiƙa. Da wannan girman kan na shiga jarrabawa. Sai bayan an ba mu sakamako na karanta sauran.

Abin da ake koya mana sunansa nauyin juyi: wuyar da abu yake yi kafin ya fara juyawa, da wuyar da yake yi kafin ya tsaya. Ana ɗaukar nauyin abu, a ninka da nisan bakinsa daga tsakiya, a sake ninkawa da nisan. Har nan ba matsala. Sai kuma a ce kowace siffa da nata kason: wannan rabi, wancan biyu bisa biyar, wani biyu bisa uku, wani ɗaya bisa goma sha biyu. Zobe, faifai, ƙwallo, sanda. Na haddace su kamar lambobin waya, ina shiga ɗakin jarrabawa suka cakuɗe. Na tambayi Malam Ba-Dariya dalilin kason, ya cika allo da lissafi, ya juyo ya ce, “A bayyane yake.” Yara 'yan shekara sha tara suna gyaɗa kai, ni mai gemu ina zaune kamar an dasa ni.

Tela, ina tunanin kada ma in jira ranar. In haɗa kayana in biyo direba. Hannuna ya san aiki, kaina ne bai san allo ba. Aikina yana nan yana jirana, ga Mama, ga ki. Wata goma ke nan rabona da ɗakinmu. Me kika gani? Abin da kika ce shi zan yi.

Maganar keke kuma, ban san inda ƙarfin ya tafi ba. Ki ba Kawu haƙuri, laifina ne ba nasa ba.

Naki

Talata, 14 ga wata

Injiniya, kuma ba zan canja sunan ba,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ban gaya wa Mama komai ba, na ce mata karatu ne ya yi yawa. Ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, kada ka ninke ta a rabi.

Mun gano inda ƙarfin ya tafi.

Jiya na je shagon Kawu da kaina, na ce masa ɗan boko ya ce a ba shi haƙuri. Daɗi ya kama shi har ya aika a kawo min lemo. Buhun tsohuwar tayar yana nan a lungu, na ce bari in ɗauka in kai gida ko don tunawa. Ina ɗaga gutsure ɗaya, na bakin, sai na ji ya ja min hannu ƙasa. Na ɗaga na tsakiyar, mai hannaye, ba komai, kamar cokali. Na jera su a ƙasa na tsuguna. Ka tuna yadda take? Bakinta kauri kamar damtsen yaro, tsakiyarta kuwa iska ce zalla, sai 'yan siraran hannaye huɗu. Duk namanta a baki yake. Sabuwar kuma an shimfiɗe naman ko'ina daidai, kamar an yi mata guga.

Na ce, “Kawu, anya ado ne wannan?”

Ya sosa gemu. Can ya ce, “Tashi, 'yar nan.” Ya ɗauko wata siririyar sandar ƙarfe da manyan noti biyu, ya zura su, ya sa na riƙe sandar a tsakiya, notin suna manne da hannuna dama da hagu. Ya ce in murɗa ta, gaba da baya, da sauri. Na murɗa, ba wuya, har da yanga. Sai ya ja notin zuwa ƙarshen sandar, ɗaya nan ɗaya can, ya ɗaure su da waya. Ya ce in sake. Maigida, wuyan hannuna ya kusa gocewa! Da ƙyar take tashi, in ta tashi kuma ba ta son tsayawa, ita take ja na. Sanda ɗaya, noti ɗaya, ko ƙwayar ƙarfe ba a ƙara ba.

Kawu ya ce, “Shekara talatin ina ganin tayoyin injin da rami a tsakiya, na ɗauka rowar ƙarfe ce irin ta kamfani.”

Ni ga yadda na fahimta, in na yi kuskure ka gyara. Idan taya tana juyawa, ba duk ƙarfen jikinta ne yake aiki ɗaya ba. Wanda yake kusa da tsakiya malalaci ne, 'yar rawa kawai yake yi a wuri ɗaya. Wanda yake baki shi ne yake zaga duniya, a juyi ɗaya ya yi doguwar tafiya, da gudu. Shi ne mai wuyar tayarwa, shi ne kuma mai wuyar tsayarwa. Sikeli ba ruwansa, duk ɗaya yake auna su, malalaci da mai gudu. Amma ƙafata ta san bambanci. Mu mun ba keken kilo huɗunsa, sai dai mun zaunar da da yawa a inda ba sa aikin komai.

Nan take Kawu ya biyo ni gida da sifana ya kwance faifan. Kafin ya cire, na zame bel na wulwula tayar da hannu ina ƙirgawa, ta tsaya a sha ɗaya. A shago ya zana tagogi huɗu da alli, daidai wa daida don kada ta yi rinjaye, ya yanke su. Ƙarfen da ya fito bai yar ba. Ya tsaga shi sala-sala, ya lanƙwasa, ya bi bakin tayar da shi ya liƙe, ciki da waje. Muka ɗora a sikeli. Kilo huɗu, sai ɗan abin da walda ta ƙara. Kyau kam ta rasa shi, duk tabo ce. Da aka ɗaura na wulwula ta kamar ɗazu, sai da na kai sha takwas.

Yanzu sai na tura ta da hannu take tashi, kamar tsohuwar. Amma in ta tashi, ninki huɗu ba ta ma san da shi ba, takawa take ta wuce. Daga jiya zuwa yau na gama riga huɗu. Mama ta leƙo ta ce, “Muryarsa ta dawo.”

Abu ɗaya ne ban gane ba. Ba wani nisa muka matsar da ƙarfen ba, bai fi tsawon yatsa ba, amma bambancin ya yi yawa haka. Wannan kai za ka faɗa min, kai ne mai allo.

To kason nan da suke cakuɗe maka, rabi da biyu bisa biyar da sauransu, anya ba labarin nan suke bayarwa ba? Anya ba cewa suke ga inda naman kowace siffa ya zauna ba? Ka daina kallonsu kamar lambar waya. Ka ɗauki kowace siffa a ranka, ka tambaye ta: ina kika ajiye nauyinki?

Ka tambaye ni me na gani. Ga shi: kada ka kuskura ka biyo direba. Mutumin da ya kwance injuna shekara bakwai ba zai gudu saboda alli ba. Ka shiga jarrabawar ranar Juma'a, 24 ga wata, ka zauna a kujerar gaba.

Taka,
Tela

Juma'a, 1 ga wata

Malama Tela,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, lafiyar da na daɗe ban ji irinta ba. Ki gaishe da Mama, yanzu kina iya gaya mata komai.

Na ci. Sittin da ɗaya. Jiya aka liƙa a allo.

Amma saura ƙiris. Larabar da na sa ran amsarki, mota ta zo babu komai. Na ce shi ke nan, shirunki amsa ne, kina so in dawo kina jin nauyin faɗa. Na wanke kayana na ɗaure jaka, na yanke cewa motar 22 ga wata zan bi. Ranar ina tsaye da jakar a bakin ɗakin girki, ina jira in sa ta a mota, direba ya miƙo min wasiƙa. Na duba kwanan wata, 14. Na yi masa tatas a gaban mutane, na ce ya bar takardar mutane a aljihun mota kwana takwas. Yana ta rantsuwa, ban saurare shi ba.

A kan jakar na zauna na karanta, har ƙarshe, sau biyu. Sannan na tafi ɗakin aiki na nemi sanda da noti biyu. Tela, na yi dariya ni kaɗai har mai gadi ya leƙo. Abin da Malam ya cika allo da shi, ashe a wuyan hannu yake.

Fahimtarki daidai ce, ba abin gyarawa. Zobe duk nauyinsa a baki yake, shi ya sa ake ba shi lissafinsa cikakke. Faifai ya baza nasa daga tsakiya zuwa baki, sai aka ba shi rabi. Kin ga abin da na yi miki ke nan: nauyi ɗaya, faɗi ɗaya, amma na yanke wa kekenki kusan rabin ƙarfinsa da hannuna, ina kiran sauran ado. Tambayarki kuma ga amsarta. Nisa sau biyu yake shiga lissafi. In kika ninka nisan ƙarfe daga tsakiya, nauyin juyinsa ba biyu yake zama ba, huɗu ne. In kika ninka uku, tara. Shi ya sa tsawon yatsa ya yi wannan aiki.

A jarrabawar, tambaya ta huɗu a kan dunƙulalliyar ƙwallon ƙarfe ce. Kaina ya sake yin abin nasa: biyu bisa biyar ne, ko biyu bisa uku? Sai na ajiye biro na tambaye ta inda ta ajiye nauyinta. Ƙwallo cikinta ne ya fi kauri, bakinta kuwa ya tsuke, ta fi faifai tara nama a tsakiya. Dole kasonta ya gaza rabi. Biyu bisa biyar. Ɗayan na ƙwallo mai rami ne, wadda namanta yake a fata. Daga nan hannuna bai sake tsayawa ba.

Da Malam yake mayar da takardu ya tsaya a kaina ya ce, “Wa ya buɗe maka kai?” Na ce tela da mai walda. Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa, duk ajin sun shaida.

Ga sauran labarin, ki yi haƙuri da shi. Shekara ta biyu za a fara nan da mako biyu, wata takwas ce a jere. Hutun da za a ba mu a tsakani kwana huɗu ne kacal. Zan zo ranar Asabar ta sama.

Ki ce wa Kawu ɗan boko ya sara masa.

Naki,
ɗalibinki

Talata, 5 ga wata

Maigida,

Sallama. Alhamdu lillahi. Muna lafiya, lafiya sosai. Mama ta sa na karanta mata wasiƙar sau biyu, ta yi faɗan ɓoye mata da aka yi, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe tana addu'a. Kawu kuwa duk wanda ya kawo masa ƙofa ko murhu sai ya ba shi sanda da noti ya murɗa kafin a yi maganar aiki. Rigunan gidan burodi sun tafi tuni.

Yanzu ka je ka nemi direba ka ba shi haƙuri, a gaban mutanen da ka yi masa faɗa. Bai riƙe wasiƙar ba. Ni na riƙe.

Na rubuta ta ranar Talata, na liƙe, na sa mayafi da safiyar Laraba na fito. Har na hango motar. Sai wani abu ya ce min, in takardar nan ba ta je ba, ranar Asabar mijinki yana gida. Ba ƙarya zan yi ba, ba abin da zan ce, shiru kawai. Na tsaya a jikin katanga har motar ta tashi. Na dawo na sa wasiƙar a aljihun keke, ƙarƙashin zare.

Kwana bakwai tana nan. Na gyara ɗaki, na wanke labule, na yi ta tsara yadda za ka shigo da abin da zan ce. A littafi wurin nan yana da daɗi ƙwarai. Amma duk lokacin da na kawo ka bakin ƙofa a raina, sai in ga kanka a sunkuye. Na yi ta ƙoƙarin ɗago shi, ya ƙi. Sai na ga shekara goma nan gaba, kana komawa bakin injin da ka baro, wani yaro da aka tura a gurbinka yana ba ka umarni, ni kuma ina zuba maka shayi na san amsar tana cikin aljihun keke. Zan samu miji a gida, amma ba zan ƙara iya kallon idonsa ba. Laraba ta biyu tun kafin direba ya gama loda kaya ina tsaye a wurin.

Da na karanta cewa a kan jaka ta same ka, sai da na ajiye wasiƙar na yi salati. Da ka biyo motar nan, da ban san da wane baki zan yi maka sannu da zuwa ba.

Wata takwas ɗin, na ji. Ni na jawo wa kaina, kuma ko yau aka sake, zan aika. Ka shiga shekara ta biyu da ƙarfinka.

Faɗan kuma na san akwai shi, na kuma cancanta. Ka adana shi ka zo min da shi da kanka ranar Asabar. Kwana huɗu ya ishe mu: ɗaya na faɗa, uku na shiri.

Taka,
Tela